Yadda zaka tattara tarihin tsohon ɗan wasan kwaikwayo na garinku tun yana da rai

'Yan uwa, duk unguwar Hausawa da ke arewacin Kamaru, ka ɗauka daga Ngaundare ka zo Garwa ka wuce Marwa har Kusiri, in ka bincika da kyau sai ka samu wani dattijo da ya taɓa yin wasan kwaikwayo a lekol ko a rediyo ko a filin bikin ranar matasa na 11 ga Fabrairu, shi ne ɗan wasan, shi ne mai tsara labarin, kuma yau shi kaɗai ne ya rage da ya san waye ya fara me a garin nan da shekarar da aka fara. Mutum ɗaya yana riƙe da aiki uku kenan, ɗan wasa, marubuci, masanin tarihi, amma ba wanda ya taɓa zama gabansa da biro. Mu kuma mun haddace ranar haihuwar jaruman Kano, mun san wa ya auri wa, namu na gida ko cikakken sunansu ba mu sani ba sai laƙabin da aka saka musu a dandali. Abin nan yana ci min rai wallahi, shi yasa nake so in faɗa muku yadda ake aikin tun daga farko, don ba sai kana da digiri ba, waya da littafi da haƙuri sun isa.

Ka fara da bakin mutumin. Kaset zai iya jiranka shekara guda in ka ɗauke shi daga zafi, amma dattijo mai shekara saba'in da wani abu ba ka da tabbacin zai jira ka har bayan damina. Mutane da yawa suna ɓata watanni suna neman tsohon faifai, sai ranar da suka samu faifan a ce musu ai Baba ya kwanta ciwo baya gane mutane. To ka juya abin, hira tukunna, kaya daga baya.

Kada ka faɗa masa gida kai tsaye da waya a hannu. Ka nemi wanda yake jin nauyinsa, ƙaninsa ko abokin majalisarsa ko limamin unguwa, ya kai ka. Ka riƙe goro ko sukari da ganyen shayi, ka durƙusa ka gaishe shi yadda ya kamata, Baba ko Kawu ko Alhaji duk wanda ake kiransa da shi, in gidan masu Fulatanci ne kuma kana ji to ka yi gaisuwar da shi. Zuwan farko ba a kunna komai. Ka faɗi ko kai ɗan waye, ka faɗi abin da kake so ka yi da maganarsa, sannan ka ce Baba yaushe ne ba ka da hidima in dawo. Akwai dalilin wannan taka tsantsan ɗin. Da yawa daga cikinsu yanzu alhazai ne, wasu ma suna jan sallah, kuma an daɗe ana musu kallon 'yan iska saboda sun taɓa ɗaura zani sun fito a matsayin mace ko sun yi wasan maye, to in bai gane cewa girmama shi kazo yi ba zai ce maka ai wannan ƙuruciya ce ta wuce, shi kenan ya rufe ƙofa. Ka nuna masa ka san darajar abin da ya yi, ka tuna masa wata fitowa tasa da mahaifinka ko goggonka suke ba da labari har yau, zaka ga fuskarsa ta saki.

Matan da suka yi wasa kuwa lamarinsu ya fi wuya kuma su ne tarihinsu ya fi saurin ɓacewa, don yawanci da an yi aure an daina, wasu ma 'ya'yansu basu san sun taɓa hawa dandali ba. In namiji ne kai ka tura 'yar uwarka ko matarka ta yi hirar, a nemi izinin maigida in ana buƙata, kuma in Hajiya ta ce a ɗauki murya amma kar a saka sunanta ko hotonta, to a yi yadda ta ce ɗin. Gara a samu labarin babu suna da a rasa shi gaba ɗaya.

Ranar hira ka je da hantsi ko bayan la'asar, ka caja waya ta cika tunda ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba, ka rufe layi kar kira ya katse maka ɗauka, ka goge tarkacen bidiyo don a samu wuri. Ku shiga ɗaki ko zaure na ciki, nesa da titi saboda ƙarar masu moto, a kashe fanka in zai iya jurewa, ka ɗora wayar kan matashi kusa da bakinsa kamar kamu ɗaya ko biyu, kar ka riƙe ta a hannu don motsin yatsunka duk yana shiga. Farkon abin da zaka faɗa cikin wayar shi ne ranar yau da garin da sunanka da sunansa, sannan ka tambaye shi a fili, Baba ka yarda in ɗauki muryarka in yi rubutu da ita? ya amsa da bakinsa. Wannan amsar ita ce zata kare ka gobe in wani ɗa ko jika ya taso da magana.

Kar ka ce masa ba ni tarihinka. In ka faɗi haka zai baka jawabin minti biyar wanda ya saba yi, an haife ni, na yi makarantar allo, na yi lekol, Allah ya taimake mu. Tambayoyi ƙanana su ne suke buɗe ciki. Wasan farko da ka fito me ka saka a jikinka? waye ya ara maka rigar? a ina kuke haɗuwa ku yi gwaji, gidan waye? nawa ake biya a ƙofa, kuma waye yake riƙe kuɗin? ranar da mahaifinka ya ji kana wasa me ya ce? da ka fara shiga sinima wane layi ka zauna, fim ɗin Indiya ne ko na kaboyi ko na 'yan Cana? In ɗan Garwa ne ka ambaci sinima Ribadou kawai ka yi shiru ka ga yadda labari zai zubo. Kuma shirun nan ka koye shi, in ya tsaya yana kallon ƙasa kar ka yi sauri ka cike wurin da wata tambaya, sau da yawa abin da zai fito bayan shirun shi ne abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Awa ɗaya ko ɗaya da rabi ta isa a zama guda, tsoho yana gajiya kuma in ya gaji sai ya fara maimaita kansa. Ka dawo wani satin da tambayoyin da suka taso bayan ka saurari na farko.

Inda aikin yake da wuya sosai shi ne shekaru. Dattawanmu basu lissafi da lamba, kuma katin dantite na da yawansu abin da aka rubuta shi ne né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza, wani ma'aikaci ne kawai ya kalli fuskarsa ya ƙiyasta. To sai ka rubuta wasu manyan abubuwa a bangon littafinka ka riƙa auna maganarsa da su. An canja sunan Fort-Lamy ya koma Njamena a 1973. Yaƙin Njamena da ya koro mutane suka tsallako ruwa suka cika Kusiri, 1979 da 1980 ne. Shugaban Kamaru Ahidjo ya sauka daga mulki a Nuwamban 1982. An raba tsohuwar Arewa gida uku a 1983, aka samu Adamawa da Arewa da Arewa mai nisa. Yunƙurin juyin mulki Afrilun 1984. Talabijin ta fara a Kamaru a 1985, CRTV kuma, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, aka kafa ta a 1987. Ƙwallon duniya da Roger Milla ya yi rawa a kusurwar fili 1990. Karyewar darajar sefa Janairun 1994. In ya ce maka mun kafa ƙungiya da daɗewa, sai ka ce Baba lokacin Ahidjo yana kan mulki ko ya sauka? lokacin akwai talabijin a gari? ka riga ka yi aure? ɗanka na fari an haife shi? Da tambaya uku huɗu zaka matse abin ya dawo tsakanin shekara biyu, sai ka rubuta tsakanin 1983 da 1985 misali, kar ka zaɓi ɗaya don rubutu ya yi kyau. Lambar da ka ƙirƙira yau ita ce wani ɗalibi zai kwafa gobe ya saka a littafi, daga nan ta zama gaskiya ba mai iya cire ta.

Kuma ka sani kai ba maroƙi bane, ba kirari kazo yi masa ba. Kowane tsohon ɗan wasa zai ce maka shi ne ya fara, kuma ba ƙarya yake nufi ba, haka abin ya zauna a zuciyarsa. Duk maganar da ta shafi waye ya kafa, waye ya rubuta, waye ya ci kuɗi har ƙungiya ta watse, sai ka ji ta daga baki biyu ko uku waɗanda basu zauna tare sun shirya ba. In sun saɓa ka rubuta duka, wane ya ce kaza wane kuma ya ce kaza. Kar ka kai maganar wani wajen wani, kar ka kunna wa ɗaya muryar ɗaya, in ba haka ba zaka tayar da faɗan shekara talatin da ya riga ya kwanta. Ka nemi waɗanda ba a tunawa da su ma, mai ɗaukar kyamara a bukukuwa, tela da ya ɗinka kayan wasa, mai bidiyo kulob na unguwa, ɗan kasuwar da yake shigo da kaset daga Ƙofar Wambai ta Kano ya biyo ta Yola ko Mubi. Irin waɗannan sun fi jarumai riƙe lissafi don kuɗinsu ne a ciki. Tun da aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990 kaset ɗin Hausa ya riƙa kwararowa nan, kuma tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wajena ita ce me ya faru da 'yan wasanmu na gida bayan nan, sun samu ƙarfin gwiwa suka ɗauki kyamara ko kasuwa ta danne su suka bari? Ka yi wa kowa wannan tambayar, amsoshin ba zasu zama ɗaya ba.

Yanzu maganar rubutun wasanninsa. Da yawa babu takarda sam, shugaban ƙungiya ne yake tara yara ya ce kai ne maigida, ke ce uwargida, kai ne boka, ga yadda za a fara ga yadda za a ƙare, sauran kowa ya cike da bakinsa. Wannan ma marubuci ne ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. To ka sa shi ya baka labarin wasan fitowa bayan fitowa, in akwai abokan wasansa da suka rage ka haɗa su zaure ɗaya ka kunna waya, zaka ji ɗaya ya jefa magana ɗayan ya cafe kamar jiya suka sauka daga dandali, sai ka rubuta shi yadda suka faɗa da Hausarsu da Fulatancin da Faransancin da suka cakuɗa, kar ka gyara musu ya koma Hausar littafi. In kuma akwai takarda, ko kaye, wato littafin rubutu, na 'yan lekol ne ko rubutun ajami, ka ɗauki hoton kowane shafi har da bango da inda aka soke aka sake rubutawa. Ku tuna Baba Moustapha, marubucin wasan kwaikwayo na Cadi, ya rasu a 1982 yana da shekara 30 kacal, wasansa Le Commandant Chaka sai a 1983 aka buga shi bayan baya nan. Da takardun sun salwanta da shi kenan.

Hotuna kuma ka juya bayansu kafin ka kalli gaban. Sau da yawa akwai hatimin situdiyo da sunan gari, wani lokaci har da kwanan wata da biro. Ka kai wajen masu sakatariya a yi sikanin gaba da baya, ka ce a saka 600 dpi, in babu hali ka ɗauka da waya a inuwa ba filashi. Dan Allah kar ka bari a manne hoto cikin roba da injin zafi, in an yi haka ba ya ɓaruwa kuma. Ka zauna da Baba ya nuna maka da yatsa, na hagu wane ne, na tsakiya wane ne, yana raye ko ya rasu, ka rubuta a littafinka, ba a jikin hoton ba. Kuma kar ka tafi da asalin hotonsa gida in ba dole ba, in dole ne ka faɗi ranar dawowa ka cika.

Kaset na bidiyo shi ne mai shagwaɓa. Zafin Maris da Afrilu a Garwa da Marwa yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ga laimar damina ga gara, kuma yawanci a ƙarƙashin gado ko saman kwano ake jibge su. Ka ɗaga kaset ɗin ka leƙa ta gilashin, in ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a gefen zaren to funfuna ce, kar ka kuskura ka saka shi a na'ura, zai ɓata kan na'urar ya kuma shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya, ka ware shi cikin leda daban sai an samu wanda ya iya sharewa. Wanda yake da tsabta kuma ka fara karya ɗan harshen roban nan na bayansa don kar wani ya danna ɗauka bisa kuskure ya goge. Ka nemi tsohon mai gyaran rediyo a kasuwa, su ne har yau suke da bidiyo mai aiki, a gwada na'urar da wani kaset marar amfani tukunna a ga bata cin zare. Sannan ana sayar da wata 'yar na'ura mai kan USB da wayoyi uku, ja da fari da rawaya, ka haɗa bidiyon da kwamfuta, ka buɗe manhajar OBS Studio wadda kyauta ce, ka zaɓi tsarin hoto na PAL, ka kunna ka bar shi ya tafi daga farko har ƙarshe. Kar ka yanke tallan farko da sunayen ƙarshe don a nan ne sunan kamfani da unguwa da shekara suke. Faifan VCD ya fi sauƙi, ka saka a kwamfuta ka buɗe jakar da aka rubuta MPEGAV, zaka ga fayil mai ƙarewa da DAT, ka kwafe shi, manhajar VLC tana buɗe shi. In kuma Allah ya haɗa ka da fim na gwangwani irin na majigi, ka buɗe ka ji yana warin tsami, to ya fara lalacewa, ka raba shi da sauran ka ajiye a wuri mai sanyi kar ka yi ƙoƙarin warware shi da hannu.

Kar wani ya ce maka ai abin da ya ɓata ya ɓata. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 an daɗe ana ganin ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi cikin ajiyar hukumar fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus aka nuna a bikin fim na Balin a 2018. A Njamena ma Mahamat-Saleh Haroun ya ɗauki gidajen sinima da suka mutu cikin fim ɗinsa na 1999, sannan a 2011 aka sake buɗe sinimar Normandie bayan gyara. Mu nan Kamaru a Janairun 2009 ne manyan sinimomi uku da suka rage a lokacin, Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, suka rufe, kuma da yawa daga yaran da aka haifa bayan nan basu san yadda ake layin tikiti ba sai in wani ya rubuta musu.

Bayan gida sai ofisoshi. Ka rubuta takardar neman izini da Faransanci ka kai gidan rediyon CRTV na jiharku ka tambayi ko akwai tsofaffin shirye-shiryen Hausa a ajiye, ka nemi ma'aikatan da suka yi ritaya don wasu sun riƙe kwafi a gida. Ka leƙa delegasiyon al'adu, wato ofishin al'adu na gwamnati, da Alliance ta Garwa, cibiyar al'adun Faransa, saboda takardun gayyata da tsarin bukukuwa, ka leƙa laburaren jami'ar Ngaundare da ta Marwa ka duba rubuce-rubucen kammala karatu na ɗalibai. Ka karanta aikin waɗanda suka riga mu don ka ga yadda ake jera hujja, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu a Kano kan fim ɗin Hausa, da tsofaffin kwafin mujallar Fim da ta fara fitowa a 1999, da Paulin Vieyra wanda aka haifa a Porto-Novo a 1925 ya zauna a Senegal, shi da kansa mai shirya fim ne amma ya zauna ya rubuta tarihin sinimar Afirka aka buga a 1975, lokacin da yawancin waɗanda ya rubuta a kansu suna raye yana iya zuwa ya tambaye su.

Duk abin da ka tara ka yi masa kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a kile na USB ko babban faifai da zaka ajiye a wani gida daban, ɗaya a intanet kamar Google Drive. Ka saka wa kowane fayil suna mai ma'ana, shekara da wata da rana da sunan mai magana da garin, ba ka bar shi da lambar da waya ta saka ba. In zaka tura wa wani ta WhatsApp ka tura a matsayin dokima, in ba haka ba zai matse hoton ya rage masa kyau. Fim ɗin mutane kuma kar ka ɗora shi gaba ɗaya a YouTube sai ka zauna da mai shi ko magadansa kun yi magana a fili, har da maganar kuɗi in ya shigo.

Da ka gama rubutun, ko shafi biyar ne, ka buga a takarda ka koma wajen Baba ka karanta masa da bakinka daga farko har ƙarshe kafin ka saka a Facebook ko ko'ina. Zai gyara maka sunaye, zai tuna abin da ya manta, wani lokaci kuma zai ce wancan wurin cire shi. In sirrin gidansa ne ko abin da zai kunyata wani mai rai, ka cire ba gardama. In kuma so yake ka goge sunan abokin da suka ɓata alhali shaidu sun tabbatar tare suka kafa ƙungiyar, sai ka ba shi haƙuri cikin ladabi ka ce Baba wannan kam ba zan iya ba, amma zan rubuta naka bayanin kusa da nasa yadda ka faɗa. Sannan ka bar wa gidan kwafi ɗaya na takardar da kile ɗaya mai muryarsa da hotunan, ka damƙa a hannun ɗa ko 'yar da ka ga ta fi kula, ka rubuta lambar wayarka a bangon.